Golf ɗin faifai a lambun da jama'a ke cika: a bar kwandunan ko a tumbuke?

Hajiya Rabi, Columbus: Assalamu alaikum jama'a. Ina da magana, kuma na san Nura ba zai so ta ba. Wasan nan na jifan faifai da ake kafa wa kwandunan ƙarfe a wuraren shaƙatawa, ni dai a ganina ba shi da gurbi a lambun da jama'a ke cika. Kullum hujjar da ake kawo mana ita ce wai gajeren fili ne, kwando tara kacal, na 'yan koyo. To ai gajartar ita ce matsalar. Dogon fili mai kwando 18 ko fiye yana cin wuri, dole a kai shi daji ko bakin ruwa, irin wanda ke gefen madatsar Hoover a nan kusa da mu. Gajeren kuwa shi ake cusawa a ɗan sararin da ya rage tsakanin lilon yara da hanyar masu tattaki da rumfunan da iyalai ke gasa nama. Ranar Asabar da la'asar sai ka ga faifai na shawagi a kan mutane. Ko dai a kai shi inda ba kowa, ko a tumbuke.

Baba Garba, Kano: Wa alaikumus salam. Hajiya, kin buɗe shari'a ba ki gabatar mana da wanda ake tuhuma ba. Mu da ke gida ba mu san wasan ba. Golf dai na sani, ga filinsa nan a Kano, sanda da 'yar farar ƙwallo. Faifai kuma ta ina ya shigo?

Nura, Tampere: Baba, ina wuni. Tsarinsa ɗaya da golf ɗin da kuka sani, sai dai ba sanda ba ƙwallo. Faifan roba ne, faɗinsa santimita 21 ko ɗan fiye, nauyinsa yawanci tsakanin giram 150 da 180, kuma doka ta hana ya wuce 200. Mutum zai tsaya a kan ɗan dandamali ya wurga shi wajen wani kwandon ƙarfe da aka kafa a kan turke, da sarƙoƙi rataye a samansa. In faifan ya daki sarƙoƙin sai ƙarfinsa ya mutu ya zube cikin kwandon. In bai kai ba, inda ya faɗi nan za ka je ka sake jifa. Wanda ya zagaye kwandunan duka da jifa mafi ƙaranci shi ya ci. A gajeren filin da Hajiya ke magana, tazarar dandamali da kwando ba ta cika wuce mita 50 zuwa 70 ba, kuma ana sa ran jifa uku su isa.

Hajiya kuma, Allah ya huci zuciyarku, wasan nan a lambun jama'a aka haife shi. Filin farko na dindindin a Oak Grove Park aka kafa shi, a Pasadena ta jihar Kalifoniya, a 1975. Wanda ya tsara shi, Ed Headrick, shi ya kafa ƙungiyar ƙwararrun wasan, PDGA, a 1976, ya kuma yi wa kwando mai sarƙa rajista a 1977. Wajen shekara 50 ke nan ana tare da masu yawo da karnuka da masu tura keken jarirai. Ba yau muka shigo muku ba.

Injiniya Sadiya, Minneapolis: Nura, tarihinka daidai ne, amma ka tsaya inda ya yi maka daɗi. Da me ake jifa a 1975? Da Frisbee mai zagayayyen baki, wanda aka ƙera don wani ya cafe shi da hannu. A 1983 ne Dave Dunipace, ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa kamfanin ƙera faifai na Innova, ya fito da faifai mai sassaƙaƙƙen baki, kuma daga nan wasan ya sauya. Faifan nisa na yau bakinsa siriri ne, nauyin duk ya taru a gefe, ba mai hankalin da zai sa hannu ya tare shi. Ƙwararru na sakin sa da gudun da ya haura kilomita 100 a awa, ya yi tafiyar mita 130 ko 150. Lambunan ba su ƙara faɗi ba tun wancan lokacin, abin jifan ne ya zama wani abu daban.

Inda na saɓa da Hajiya, ban ɗora laifin a kan gajartar fili ba. A mita 60 ba wanda ke buƙatar faifan nisa. Faifan kusa, mai kaurin bakin nan da ake zura wa kwando, ya isa har ya yi yawa. Sai dai saurayin da ya cika jaka da faifai 15, ya kwana yana kallon gwanaye a YouTube, ba zai yarda ya bar mai kaifin a jaka ba.

Hajiya Rabi: Yawwa Sadiya, Allah ya yi miki albarka. To wa zai tsaya a bakin lambu yana binciken jakar kowa? Ma'aikacin da ke zuwa kwashe shara da safe ya tafi? Ni ba ruwana da wanda ya kamata a jefa, wanda ake jefawa nake gani.

Dakta Usman, Leeds: Salam. Bari in sa baki ta ɓangarenmu. Su masu wasan, abin da ya fi damun su gwiwar hannu ne da kafaɗa da baya, saboda yawan murɗa jiki. Wannan su suka zaɓar wa kansu. Mai wucewa bai zaɓi komai ba, kuma shi abin da ake ji masa tsoro ido ne da haƙori da fatar kai. Ƙashin da ya kewaye ido yakan rage wa abu mai faɗi ƙarfi. Siririn baki kuwa yana iya shigewa tsakanin gira da kunci ya sami ƙwayar idon kanta. Ku kuma tuna faifan da ke dab da sauka yana tafiya ne a daidai tsayin yaro ɗan shekara huɗu, ko babban da ke zaune a kan tabarma.

Kuma abin ya taɓa faruwa. A Manhattan Beach, can Kalifoniyar da Nura ya ambata, akwai lambu mai suna Polliwog Park da aka yi wa gajeren fili. A 2012 faifai ya sami wata mata a ido, ita da ba wasan take yi ba, idon ya lalace. Ta kai hukumar garin ƙara, daga baya aka rufe filin. Na yarda ba kasafai ake samun irin wannan ba, amma je ka faɗa wa matar haka.

Nura: Dakta, Allah ya kiyaye, ba wanda ke musun wannan. Amma in da haka za a bi, sai a kori kowa. Ƙwallon besbol wajen giram 145 ce, ga tauri, kuma ga ta a lambunan Amurka ko'ina. Ku a Ingila ƙwallon kurket ta kai giram 160, ana buga ta a filin ƙauye mutane na zaune a gefe suna shan shayi. Masu keke fa, da ke shararawa ta cikin masu tafiya? Me ya sa mu kaɗai aka sa wa ido?

Dakta Usman: Saboda su ana ganin iyakarsu, ƙanena. Filin besbol da ragar waya a bayan mai bugu, da layi a ƙasa, ko baƙo ya san ya shigo wurin wasa. Kurket kuwa sai ƙungiya biyu sun hallara da fararen kaya, ba mai faɗawa tsakiyarsu bisa kuskure. Naku filin ba shinge ba layi. Ciyawa ce kawai da bishiyoyi, dandamali na can bayan wani itace, kwando na can gaba. Uwa za ta shimfiɗa bargo a tsakani, ba ta san a kan hanyar jifa ta zauna ba.

Alhaji Razak, Bronx: Jama'a, ni ba na wasan, amma yarona ya fara, don haka ku bari in faɗi nawa. Hajiya ta ce a kai shi inda ba kowa. Hajiya, inda ba kowa sai mai mota. Ku a Ohio kowane gida da mota a ƙofa. Mu nan mutum sai ya shekara 20 bai riƙe sitiyari ba in ba tasi yake ja ba. Birnin New York kaf ɗinsa, mutum sama da miliyan takwas, ba shi da fili ko ɗaya sai a 2024 da aka buɗe na Highland Park, a kan iyakar Brooklyn da Queens, da taimakon gidauniyar Paul McBeth. Gajere ne, kuma cikin jama'a yake, domin a garin nan babu lambun da ba jama'a. Kafin nan duk mai son wasan sai ya fita gari. Yanzu yaro zai hau jirgin ƙasa da faifai ɗaya a jakar makaranta ya je ya dawo. Ba kuɗin shiga, faifan kansa dala 10 zuwa 20 ne. Ba kowane yaron Zango ne Allah ya ba tsayin ƙwallon kwando ko gudun ƙwallon ƙafa ba. Nawa ba shi da ko ɗaya, amma wannan ya fitar da shi daga ɗaki, ya raba shi da waya na awa biyu. In aka ce sai a daji, an ce ban da 'ya'yanmu ke nan.

Baba Garba: Wane ne kuma Paul McBeth mai gidauniya?

Nura: Gwanin wasan ne Baba, ya ci gasar duniya sau shida. A 2021 kamfanin Discraft ya ƙulla yarjejeniya da shi ta dala miliyan 10 na shekara 10. Tunda kuma kuna son labari, shi Ed Headrick da ya mutu a 2002, wasiyya ya bari a ƙona gawarsa a cuɗa tokar da robar faifai. Haka aka yi, aka raba wa iyalai da abokai, aka sayar da wasu.

Baba Garba: Inna lillahi. Wato har da mamaci ma ana iya jifan Hajiya. Allah ya sa mu cika da imani. Ku ci gaba.

Hajiya Rabi: Malam Garba, ka bar ba'a. Alhaji Razak, na ji zancen mota, kuma ban raina shi ba, Allah ya raya maka yaron. Amma duk kun tattara a kan rauni, ni kuwa abin da ya fi ci mini rai ba ya kai kowa asibiti. Mutanenmu in sun fita lambu ba tattaki ne ya kai su ba, zama suka je yi. Bayan sallar Idi, ko walimar suna, a shimfiɗa tabarmi, tsofaffi a inuwa, yara na guje-guje. Sai samari huɗu su zo su tsaya can nesa da jakunkunansu, su zuba muku ido. Ba su ce ku tashi ba, ba su yi wa kowa rashin kunya ba. Suna tsaye kawai suna juya faifai a hannu. Ba za a jima ba wata za ta ce, don Allah mu matsa, mun tare musu hanya. Ku kwashi kuloli ku matsa, can ma ashe hanyar kwando na shida ce. Mako mai zuwa ba wanda zai sake zama a wajen. Ba a kafa allo an ce an ba su ba, ba a yi taro an yanke ba, amma ciyawar ta zama tasu. Mu kuma baƙi ne a ƙasar mutane, kunyar jayayya muke ji, mu ne kullum masu matsawa.

Sai ihun nan nasu na gargaɗi, "Fore!" Tsohuwar da ta zo daga gida wankan jegon 'yarta, ina ta san shi? In ta ji ihu ɗaga kai za ta yi ta waiga inda ya fito, wato ta miƙa wa faifan fuska.

Nura: Hajiya, tsayuwar nan da kuke gani ai ita ce bin doka. Littafin dokokin PDGA ya hana jifa matuƙar akwai yiwuwar a ji wa wani rauni, kuma filaye da yawa sun rubuta a allo cewa sauran masu amfani da lambu su ke da hanya. In mun jefa a ce ganganci, in mun jira a ce mun zuba ido. Abin da muke koya wa sababbi shi ne, in ka ga an yi shimfiɗa kada ma ka tsaya, ɗauki jakarka ka wuce kwando na gaba. Ihun kuwa na bayan kuskure ne, in faifai ya kufce. Duk wanda ya ga mutum a gabansa ya yi ihu sannan ya jefa, mu ma faɗa muke yi masa.

Baba Garba: Nura, ka tuna ƙwallon layi da kuka buga kuna yara. In dattijo ya taho, wani zai ce a tsaya, a taka ƙwallon har ya wuce. Amma me ya sa ake tsayawa? Domin dattijon ya san uban kowa a cikinku, in ƙwallo ta bugi hularsa kafin magariba labari ya isa gida. Can inda kuke, wa ya san uban wa? Dokar da ke cikin littafi, ɗan ƙungiya ne ya karanta ta. Wanda Hajiya ke tsoro shi ne wanda ya sayi faifai jiya a kanti.

Injiniya Sadiya: Baba ya taɓo wurin. Tun 2020, da korona ta rufe wuraren motsa jiki, jama'a suka yi ca a kan wasan, kuma da yawansu ba su taɓa ganin littafin doka ba. Shi ya sa mu a aikinmu ba ma gina abu bisa zaton kowa zai yi hankali. Da jifan da ya fi kowanne muni ake auna wuri.

Ga yadda faifai ke tafiya. Wanda ba bahago ba, in ya yi jifan bayan hannu, wanda shi aka fi yi, faifan na dab da faɗuwa sai ya karkata hagu. Ɗan koyo yakan ɗaga bakin faifan sama, iska ta ɗauke shi, ya yi sama ya rikito hagu tun bai yi rabin hanya ba. Wani sa'in kuma yatsu su riƙe shi fiye da kima, ya fice dama can inda ba wanda ya zata. In kuma ya sauka a kan gefensa sai ya yi ta mirginawa. Saboda haka hanyar da ka zana siririya a takarda, a ƙasa faffaɗa ce ta kowane ɓangare. In hanyar masu tafiya ta bi ta hagun kwando, kai ka shirya haɗarin da hannunka. Haka in akwai tudu ko duhuwa da ke hana mai jifa ganin inda faifan zai sauka. In kuma aka sa dandamali na gaba dab da kwandon baya, a nan masu wasan kansu ke jifan juna.

To me ya sa ake samun irin waɗannan? Kuɗi. Kwando ɗaya 'yan ɗaruruwan daloli ne, tara da dandamalinsu ba su kai kuɗin filin tanis guda ba, kuma sau da yawa ƙungiyar masu wasan ce ke tara kuɗin ta kuma yi aikin kyauta. Hukumar lambu ta ga banza ta samu, sai ta ce ga wuri can ku yi. Masu zana taswirar su ne masu wasan, mai wasa kuwa kwando tara yake so ko da wurin na shida ne. Da za a tambaye ni, da yawa daga filayen da Hajiya ke kuka da su, cire kwando biyu ko uku ne maganinsu, ba duka taran ba. Ban ma shiga zancen bishiyoyi ba, yadda faifai ke ɗaye musu ɓawo da yadda ƙasa ke taurarewa a gindin kwando saboda yawan taku, abin da aka sha ja-in-ja a kansa a Golden Gate Park na San Francisco.

Nura: Anti Sadiya, ku zo Finland ku gani. Ƙasa mai mutum miliyan biyar da rabi, filaye sun haura 1,000, Amurka kaɗai ta fi ta. Da yawansu gajeru ne, a gefen makaranta, a bayan unguwa, a lambun cikin gari. Da bazara za ka ga yara 'yan shekara 10 a kan keke da jakar faifai a baya. A 2025 nan garuruwan Nokia da Tampere aka yi gasar duniya ta ƙwararru, karon farko da ta fita daga Arewacin Amurka. Mutane sun saba. Mai yawo da kare ya san ya duba kafin ya ratsa, mai jifa ya san ya jira. In sabo ya yiwu a nan, me zai hana a Ohio?

Injiniya Sadiya: Wajen kashi uku cikin huɗu na ƙasar Finland daji ne, Nura, kuma a watan Yuni ƙarfe 10 na dare kuna da haske. Ba ku matsu a wuri ba, ba ku matsu a lokaci ba. In misalin inda aka matsu kake so, Japan ce. Gasar Japan Open an yi shekaru ana yin ta da sharaɗin faifai mara nauyi, ƙasa da giram 160, domin lambunansu na kowa da kowa ne. Su sun yarda a rage wa faifan ƙarfi don a zauna lafiya. Je ka gaya wa abokanka haka ka ji abin da za su ce.

Nura: Za su yi gunaguni, amma a gajeren fili ni zan sa hannu. Faifan kusa da na tsaka-tsaki kawai. A nan ma ake gane gwani, domin kowa na iya wurgi da ƙarfi, amma sauke faifai a gindin turke ta tsakanin bishiya biyu sai wanda ya iya.

Alhaji Razak: Nura, mara nauyin nan zan saya wa yarona, ka turo mini sunansa ta gefe. Ni abin da na lura, lokaci ne ke raba gardamar. Ƙarfe bakwai na safe ba kowa a lambu sai masu gudu, ƙarfe uku na rana ba wurin sa ƙafa. Na ce masa in zai je, ya fita bayan asuba, kafin masu gashi su kunna gawayi ya gama. Sannan masu wasan na yawan cewa kwandunansu kan kori 'yan shaye-shaye daga lungunan da aka yi watsi da su, saboda ƙafa ta yawaita a wajen. Wannan ba abin a duba ba ne?

Hajiya Rabi: Alhaji, ai hujjata ka ɗauko mini. Lungun da aka yi watsi da shi a ba su, har addu'a zan yi musu. Bari in faɗa muku dalilin da ya sa na taso da zancen. Hukumar lambun da ke kusa da mu ta aiko takarda tana neman ra'ayin mazauna kan kafa kwando tara. Na duba taswirar, uku daga ciki sun ratsa ciyawar da ke gaban manyan rumfuna, daidai inda muke taron Sallah. Ba lungu suka nema ba, tsakiya suka nema, domin nan ne a share, nan ake yanke ciyawa.

Injiniya Sadiya: Hajiya, in haka ne kada ki je da "ba ma so" kawai, za su sa ki cikin masu ƙin komai su wuce. Ki nemi a zagaya da ku a ƙasa, kuma ranar Asabar da la'asar, ba Talata da hantsi ba. Ki tambayi wanda ya zana taswirar ko shi ma mai wasan ne. Sannan ga abin da mutane da yawa ba su sani ba. Galibi ba kwandon kansa ake binnewa da siminti ba. Bututu ake dasawa a ƙasa, a zura turken a ciki a datse da kwaɗo. Mutum biyu za su cire shi cikin 'yan mintuna, kuma akwai lambunan da ke cire nasu in za a yi biki ko in jama'a sun yi yawa, su mayar daga baya. Ukun nan na gaban rumfuna, ko dai a matsar da su, ko a rubuta cikin yarjejeniya cewa daga Mayu zuwa Satumba ana cire su Asabar da Lahadi.

Nura: Anti, a nan kam na tsaya. Asabar da Lahadin bazara su ne kaɗai lokacin ɗan makaranta da ma'aikaci. Kuma kwandon da ya shiga sito da wuya ya fito. Ma'aikaci zai ce ya manta, wata guda ya wuce, sai a ce ai ba wanda ya nema. In dole sai an cire, a ba ƙungiyar masu wasan mukullin, su za su fi kowa tuna ranar mayarwa.

Hajiya Rabi: Ranar mayarwa za ku tuna ɗana, ranar cirewa fa? Mukulli a hannun hukuma.

Nura: To a yi mukulli biyu, Hajiya.

Hajiya Rabi: Ɗaya. Sadiya, taron ranar Alhamis ne ƙarfe shida, ki rubuto mini zancen bututun nan da Turanci yadda zan karanta musu, da kuma abin da kika ce game da hanyar da ta bi ta hagun kwando, domin a taswirarsu hanyar lilon yara ta hagu take.